Yadda Ake Karatun Tarihi a Digiri na Biyu da na Uku

Kowace shekara ɗalibai kan shigo sashen tarihi da take guda a aljihu: tarihin garinsu daga kafuwa zuwa yau. Ina girmama wannan niyya, domin kishin gida ne ya kawo yawancinmu wannan fanni. Sai dai a digiri na biyu abin da ya faru rabin aikin ne kawai. Za a tsare ka da tambaya: ta yaya ka sani, wa ya faɗa, me ya sa ya faɗa, kuma me ake ciki a wasu ƙasashe a lokacin da har ya taɓa garinku? Ga hanyar da nake nuna wa masu shirin shiga, kuma zan riƙe misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wato gyaɗar Kano.

Mataki na farko: nemi malami kafin ka nemi jami'a

Takardun neman shiga ba su da wuyar ganewa. A Najeriya akan nemi sakamakon digirin farko mai kyau, da takardar makin darussa daga tsohuwar jami'arka, da shaidar bautar ƙasa, da wasiƙun malaman da suka san ka. Takardar makin ita ce mai cin lokaci, don haka fara bin ta da wuri. Digiri na biyu yakan ɗauki kamar shekara biyu, darussa a farko sannan kundi. Na uku, wanda ake ce wa digirin digirgir, shekara uku ne ko fiye.

Abin da ya fi takardu nauyi shi ne wanda zai duba aikinka. Bincika su wane ne ke koyarwa a Zariya, da Bayero a Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Maiduguri, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Karanta abin da suka rubuta. In sha'awarka tarihin kasuwanci ce, ka je hannun wanda ya ƙare rayuwarsa kan tarihin sarauta, zai taimake ka iya ƙarfinsa, amma ba zai san inda fayilolin kuɗin fito suke ba.

Mataki na biyu: mayar da take ya zama tambaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. "Tarihin noman gyaɗa a Kano" take ne, babu abin da za a warware a cikinsa. Amma duba wannan. A 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Mancesta, domin sun gaji da dogaro da audugar Amurka. A 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Babban burinsu a ƙasar Hausa auduga ce, kuma tana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo ya iso Kano a 1911. Da jirgi ya fara ɗaukar kaya a 1912, sai ga tasha ta cika da gyaɗa, abin da ba shi aka shirya wa ba. To me ya sa? Ka ga tambaya ta fito.

Da zarar ka fara neman amsa, za ka ga ba ta tsaya a Kano ba. Masaƙa da marinan ƙasar suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature yake tayawa, saboda haka manomi bai ga dalilin kai masa ba. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Haraji ya koma na kuɗi, dole a nemi abin sayarwa. Can a Turai, masana'antu sun gano hanyar daskarar da man tsirrai, suna neman mai don sabulu da man shafa wa burodi. Sannan ga fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka daɗe suna zirga-zirga zuwa Gwanja, suna da jari da yara a ƙauyuka. Su ne suka juya suka zama masu sayen gyaɗa, kuma daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito. In ka ƙara buɗe ido, Senegal ta fara fitar da gyaɗa zuwa Faransa tun shekarun 1840. Me ya haɗa su da Kano, me ya raba su?

Wannan shi ne ma'anar haɗa tarihin yanki da na duniya. Ba sai ka rubuta tarihin Turai ba. Bin buhu ɗaya za ka yi daga gonar Bici ko Ɗambatta har inda aka matse shi, kana tambayar wa ya ci riba a kowane zango.

Sai ka yanka wa tambayar iyaka ta wuri da ta lokaci, kuma kowace iyaka ta zama da dalili. Daga 1912 zuwa 1949, lokacin da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, zango ne mai ma'ana. Haka ma daga 1954, da hukumar ta koma hannun Jihar Arewa, zuwa 1975, shekarar da cutar gyaɗa ta biyo bayan farin 1972 zuwa 1974 ta karya noman. Ɗauki ɗaya. Mai digiri na biyu da ya rungumi shekara ɗari ba zai iya zurfafawa a ko'ina ba.

Mataki na uku: san waɗanda suka riga ka

Ba kai ne farkon shiga wannan daji ba. Kenneth Dike ya nuna tun shekarun 1950 cewa ana iya rubuta tarihin Afirka daga ɓangaren mutanenta, kuma shi ya tsaya aka kafa gidan adana takardun tarihi na Najeriya a 1954. A Zariya, Abdullahi Smith ya tarbiyyantar da ɗalibai masu yawa, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a harabar gidan Sardauna. Yusufu Bala Usman, a aikinsa kan Katsina, ya ƙi yarda a bayyana jihadi da cewa faɗa ne tsakanin Fulani da Haɓe kawai, ya kuma koya wa ɗalibai su tuhumi kalmomin da marubuci ya yi amfani da su kafin su karɓi labarinsa. Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma. A Nijar akwai Djibo Hamani kan Adar da Abzin, da André Salifou kan Damagaram. Babban tarihin Afirka da UNESCO ta fara shiryawa a 1964 yana da amfani wajen ganin yankinka cikin nahiyar baki ɗaya.

Kada ka karanta su kamar mai haddar darasi. A kan kowane littafi rubuta abu uku a takarda ɗaya: me marubucin yake da'awa, da wace hujja, kuma me ya bari bai taɓa ba. Na ukun nan shi ne gurbin da kundinka zai shiga.

Mataki na huɗu: harshe

Ingilishi da Hausa kaɗai ba za su kai ka nesa ba. In aikinka ya shafi kafin 1903, Larabci wajibi ne: Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo da wasiƙun sarakuna duk da shi aka rubuta su. Fassara tana taimakawa, amma mai fassara ma yana da ra'ayi. Tarihin sarakunan Kano da Palmer, wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, ya fassara a 1908 misali ne: masana sun daɗe suna muhawara kan wanda ya rubuta shi da lokacin da aka rubuta, kuma wanda bai iya duba asalin Larabcin ba sai dai ya zama ɗan kallo. Koyi karanta ajami da rubutun hannu irin na malaman zaure, wanda ɗigon fa'un da ƙafun ɗinsa ya bambanta da na littattafan Masar. Saba kuma da mayar da shekarar Hijira zuwa Miladiyya, kana tuna cewa shekarar Hijira ɗaya takan ratsa biyu na Miladiyya: hijirar Shehu zuwa Gudu a 1218 ta faɗo ne a Fabrairun 1804.

Faransanci kuwa, ko gyaɗar ce ta ishe ka dalili. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja ba ta hana Maraɗi da Damagaram ciniki da Katsina da Kano ba, kuma rabin labarin yana cikin rahotannin da aka rubuta da Faransanci.

Mataki na biyar: shiga gidan adana takardu

Tafi da wasiƙar gabatarwa daga sashenku. A Kaduna akwai reshen gidan adana takardu na ƙasa, inda fayilolin Sakataren Lardunan Arewa suke da lambar SNP, na lardin Kano KANPROF, na Sakkwato SOKPROF, na Zazzau ZARPROF. Gidan Arewa yana da tarin rubuce-rubucen hannu da kundayen ɗalibai. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. A Yamai cibiyar bincike ta IRSH tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami. Takardun mulkin Faransa wasu suna Yamai, wasu Dakar, wasu Ekis-an-Furobans a Faransa. Na Ingila suna Kiw a Landan.

Ranar farko kada ka nemi fayil. Zauna da littattafan jerin fayiloli ka karance su, ka rubuta lambobin da suka shafe ka. Ka gaida ma'aikata da ladabi, ka faɗa musu abin da kake nema, domin sau da yawa sun san abin da jerin bai nuna ba.

Idan aka kawo maka fayil, za ka ga bango mai ruwan ƙasa, an ɗaure da zare, allurar da ta riƙe takardun ta yi tsatsa har ta ci gefensu. Juya a hankali. A gaba akwai 'yan shafukan da jami'ai ke yi wa juna sharhi, Di'o ya rubuta, Razdan ya amsa. Kada ka tsallake su. A nan ne sukan faɗi abin da ba sa sawa a rahoto. Ga mai binciken gyaɗa, rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi taska ce: yawan gidaje, girman gonaki, karofi nawa, masaƙa nawa, farashin gero a kasuwa.

Amma ka tambayi kowace lamba daga ina ta fito. Baturen da ya rubuta ta ta bakin tafinta ya ji, yaran hakimi ne suka zaga da shi, kuma mutanen da ake ƙirgawa sun san haraji ake shirin ɗora musu. Makiyayi ba zai nuna duk shanunsa ga mai karɓar jangali ba. Lambar tana da amfani, in ka san ta wace hanya ta karkata.

Kafin ka kwafi ko kalma ɗaya, rubuta lambar fayil da sunansa da kwanan wata da wanda ya rubuta wa wa. In an yarda ka ɗauki hoto, fara da bangon. Na ga ɗalibin da ya samo magana mai daraja, ya zo rubutu bai san fayil ɗin da ta fito ba, dole ya cire ta daga kundi. Kowane dare ka ajiye kwafin hotunanka a wuri biyu.

Mataki na shida: zauna gaban dattawa

Waɗanda suka ga 1912 sun riga mu gidan gaskiya, amma waɗanda suka yi dako a dalar gyaɗa, da 'yan baranda, da ma'aikatan awo, wasunsu suna nan, kuma kullum raguwa suke. Wannan matakin ba ya jira.

Bi ta hannun mai unguwa ko wani da gidan suka sani. Zuwan farko na gaisuwa ne, da ɗan goro ko abin da ya sauwaƙa. Bayyana ko kai wane ne da abin da za ka yi da maganar, ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya. Kada ka ce "a wace shekara?" Ka ce, "Baba, zamanin wane sarki ne? Kafin ka yi aure ko bayan?" Mutanenmu da sarauta da yunwa da annoba suke lissafin lokaci, yunwar 1913 zuwa 1914 har yau Kakalaba ake ce mata a wurare da dama. In dattijo ya yi shiru, ka yi shiru tare da shi. Sau da yawa maganar da ka zo nema bayan shirun take fitowa.

Kada ka manta da cikin gida. Mata ne ke soya gyaɗa su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, su ne suka san yadda tashin farashi ya taɓa tukunya, kuma da wuya ka same su a fayil ɗin Bature. In kai namiji ne, nemi mace ta taya ka. Abin da gidan sarauta ya faɗa kuma, ka ji na talaka a kansa, ka gwada duka biyun da takarda. Inda suka saɓa, rubuta saɓanin yadda yake ka nemi dalilinsa.

Mataki na bakwai: rubutu da kare kundi

Fara rubutu tun kana tsakiyar bincike, domin rubutun ne zai nuna maka inda hujjarka ta yi rauni tun kana da damar komawa Kaduna. Kowane babi ya amsa wani yanki na tambayarka. Labarin da bai taimaka wa amsar ba, komai daɗinsa, ajiye shi don wata maƙala. Duk maganar da ba taka ba ka nuna mai ita a ƙasan shafi. Manhajar Zotero kyauta ce kuma tana rage wannan wahala. Kai wa malaminka babi-babi, kada ka tara masa kundi gaba ɗaya.

Ranar karewa, mai jarrabawa daga wata jami'a zai fi matsa maka a wuri biyu: me ka ƙara a kan abin da aka sani, kuma me ya sa ka gaskata wannan majiya ka bar waccan. Shirya amsar kowanne cikin jimla uku, ka maimaita su a gaban abokan karatunka. Bayan an sa hannu, ajiye muryoyin da ka ɗauka a ɗakin karatu na sashenku tare da sunan gari da ranar hira, sannan ka taƙaita abin da ka gano cikin Hausa, shafi biyar ko shida, ka koma ka karanta wa dattawan da suka ba ka lokacinsu.