Yadda za ka rage wa kanka wahalar rubuta jagorar manhaja

In kai ne mai rubuta jagorar manhaja, abu na farko ka daina ajiye ta a Word kana turawa ta imel har a rasa wacce ce ta ƙarshe. Koma Markdown, wato hanyar tsara rubutu da 'yan alamomi masu sauƙi, ka sa # a gaban layi ya zama kanu shikenan, sai ka zuba a GitHub, shafin da ake ajiye kod da tarihin gyaransa, kusa da kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, ko waƙafi wani ya taɓa za a ga sunansa da ranar.

Daga nan ka haɗa Vale, manhajar da ke duba salon rubutu, da GitHub Actions, mai gudanar da ayyuka da kansa a GitHub, ka rubuta wa Vale dokokinku, misali in kun tsaya kan "latsa" kar wani ya zo da "danna", duk gyaran da aka turo zai duba ya nuna layin da aka kauce. Wata manhaja kuma mai suna MkDocs ta mayar da rubutun shafin intanet.

ChatGPT kuwa ba shi kod ya yi maka daftari, amma don Allah ka gwada kowane umarni da hannunka kafin ka saki, don yakan ƙirƙiro wanda babu shi sam kuma ya rubuta kamar ya tabbatar. Kalmar sirri da bayanan kwastoma kar ka liƙa masa ko kaɗan.