Kafin Ka Sa wa Tsohon Kaset ɗin Gem Farashi: Kurakuran da Aka Fi Yi

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya faɗo shagon da nake gyaran talabijin a Sabon Garin Zariya, rungume da kwalin taliya ɗaure da roba. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya dire shi a kan benci. "Kawu, kakarmu ta yanke saƙa!" Na kwance robar, sai ga kasetocin gem kusan ashirin, yawancinsu masu ruwan ɗorawan nan da muka yi yayi muna yara. Wai ya gani a Facebook an sayar da kaset ɗin Mario fiye da dala miliyan ɗaya.

Ba ƙarya ya gani ba. A watan Yulin 2021 kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke Amurka ya sayar da Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56, kwana biyu bayan ya sayar da The Legend of Zelda a kan dala 870,000. A watan Agusta kuma wani ya biya dala miliyan 2 a kan Super Mario Bros. Sai dai tsakanin waɗannan da abin da ke cikin kwalin taliyar akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tafiyar ne mutane suke tuntuɓe, masu saye da masu sayarwa.

Ɗaukar jabu a matsayin na asali

Da wannan zan fara, domin shi ne ciwon da ya fi kama mu a nan. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar gem mai suna Famicom a Japan a 1983, ya sake mata riga ya kai ta Amurka da sunan NES a 1985. Amma abin da ya cika gidajenmu a Tudun Wada da Samaru da cikin birni a shekarun 1990 ba na Nintendo ba ne, kwaikwayo ne da ake shigowa da shi daga Asiya, wanda kan zo da 'yar bindigar harbin agwagi. Kaset ɗin da aka rubuta wa wasanni 9999999 a cikin ɗaya, ka kunna ka tarar guda biyar ne suke ta maimaita kansu, ba daga Nintendo ya fito ba. Masu tara tsofaffin wasanni ba shi suke nema ba, komai tsufansa.

Wannan jabun mai sauƙin ganewa ne. Mai wuyar shi ne sabon jabu, wanda ake bugawa yanzu da takarda mai sheƙi kamar ta gaske, musamman wasannin Pokémon na Game Boy, ƙaramar na'urar hannu ta Nintendo. Maganinsa a duba ciki. Kasetocin Nintendo da yawa ana ɗaure su ne da wani kusa mai kai na daban wanda sukundireban gida ba ya kwancewa. In ka ga kusa irin na rediyo, ka fara zargi. In an buɗe, allon na asali yana ɗauke da sunan Nintendo a buge, shi kuwa jabu sau da yawa sai ka ga wani ɗigon baƙin danƙo a tsakiyar allon. A takardar gaban kasetocin Game Boy na asali akwai ƙananan lambobi da aka danna, sai ka karkata shi a haske kake ganinsu. Wanda ya hana ka buɗe kaset mai tsada kafin ka biya, bar masa kayansa.

Haka faifan PlayStation. Na farko, wanda ya fito a 1994, faifansa na asali baƙin ciki gare shi. Waɗanda muka saba saye a leda a bakin kasuwa kwafi ne, darajarsu iyakar a buga su ce.

Zaton tsufa shi ne tsada

Mutum ya ce maka, "Wannan fa ya girme ka," yana nufin ka ƙara kuɗi. Shekaru ba sa cikin lissafin sai ta bayan gida. Abu biyu ake dubawa: guda nawa suka rage, kuma mutum nawa ne suke so.

Super Mario Bros. an sayar da fiye da miliyan 40, saboda tare da na'urar ake bayar da shi. Tsirararsa, ba kwali ba komai, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba har gobe. Kwatanta shi da Stadium Events, wasan guje-guje da Bandai ta fitar a Amurka a 1987. Bai daɗe a kanti ba Nintendo ta karɓi wasan ta sake fitar da shi da sunan World Class Track Meet. Wasa ɗaya ne, amma mai tsohon sunan ana biyan dubban daloli a kansa, mai sabon sunan kuwa arha kamar banza. Ko kaset ɗin gasar Nintendo World Championships ta 1990, wanda mai launin zinariyarsa guda 26 kacal aka yi.

Ƙarancin ma shi kaɗai ba ya isa. Akwai wasannin da ba su da yawa amma ba mai cigiyarsu. Akwai kuma masu yawa amma masu so sun fi su yawa, kamar Pokémon, shi ya sa kuɗinsa ba ya faɗuwa warwas. Wasannin ƙwallo da ake sake fitarwa duk shekara su ne kurar baya a wurin masu tarawa, duk da cewa su ne suka raya gidajen gem na Zariya.

Wani lokaci labari ne ake saye. Wasan E.T. na Atari, na 1982, ya yi kwantai har kamfanin ya binne tarin kasetocinsa a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico a 1983. Da aka tono su a 2014, wasu daga cikin waɗanda suka sha ƙasa sun kai dala 1,500 a gwanjo, alhali mai tsabtar da bai taɓa shiga rami ba 'yan daloli ne.

Raina kwali

Nan ne ɗan yayata ya fi shan mamaki. Super Mario 64 ɗin nan na dala miliyan 1.56 ba wasa ne mai wuyar samu ba, kusan miliyan 12 aka sayar tun fitowarsa a 1996. Abin da aka biya wa kuɗi shi ne ba a taɓa yage ledarsa ba, kuma kamfanin tantancewa mai suna Wata Games ya ba shi maki 9.8 cikin 10. Wato shekara ashirin da biyar ba yaron da ya taɓa shi, kwalin bai lotsa ba, rana ba ta ci launinsa ba.

Kasuwar ta kasa kowane wasa gida uku: tsiraran kaset, cikakke mai kwali da ɗan littafin bayani, sai sabo fil a ledarsa. Tsakanin na farko da na uku farashi kan ninka sau goma, sau ɗari, wani lokaci fiye. Dalili kuwa a fili yake. A wancan zamanin Nintendo a kwalin takarda take sa wasanninta, yaro kuwa da ya ciro kaset sai kwali ya bi shara. Shi ya sa ake samun wasan da kwalinsa da littafinsa sun fi kaset ɗin kansa tsada. Sega ta fi sa nata a gidan roba, don haka cikakkun wasannin na'urarta Mega Drive ba su yi wuyar samu haka ba.

A lura kuma da bugu. Wasan da ya yi kasuwa akan sake buga shi da tambarin rangwame: Player's Choice a wurin Nintendo, Greatest Hits a PlayStation ɗin Amurka, Platinum a na Turai. Abin da ke ciki ɗaya ne, amma bugun farko ake rububi.

To in Allah ya sa ka ci karo da wanda ke cikin ledarsa, kada ka buɗe don ka gwada ko yana yi. Gwajin nan shi ne asarar.

Karanta farashin mai talla, a buga da canjin dala

Kowa yana iya sa kayansa a eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, ya rubuta dala dubu goma. Wannan buri ne, ba ciniki ba. Kamar ka je Tudun Wada jajibirin layya ka ji mai rago ya yi kirarin kuɗi, ka dawo gida ka ce haka raguna suke. A nemi jerin waɗanda aka riga aka sayar, ko a duba PriceCharting, inda ake tattara cinikin da ya faɗa, an ware na tsirara da cikakke da sabo.

Ko ka samu farashin gaskiya, na can ne. Kafin ya zama kuɗi a aljihunka a Zariya sai ka cire kuɗin aikawa, ka cire la'adar dandalin da ta haura kashi goma cikin ɗari, sannan ka samu mai sayen da zai yarda da sabon mai sayarwa daga nesa. Kaset ɗin dala talatin kuɗin aika shi kaɗai zai iya cinye shi.

Canjin kuɗi ma yana ruɗin mutane. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye kaset a wannan tsakanin zai ga kuɗinsa ya ninka uku a naira ya ɗauka wasan ne ya yi daraja. Wasan yana nan inda yake, naira ce ta zame.

Kasuwarmu kuma da nata ra'ayin. Mai neman PlayStation 2 a nan so yake ta karanta kowane faifai, a buga ƙwallo, don haka wadda aka yi wa aiki ta fi saurin fita. Mai tarawa a waje kuwa wadda ba a taɓa kwancewa ba yake so. Ka san wa kake sayar wa kafin ka kai ta wurin mai gyara. Ni da nake cin abinci da bakin sukundireba nake faɗa maka haka.

Yarda cewa kullum sama yake yi

Hawan farashi yana da dalilansa. Yaron da ya buga wasa yana ɗan shekara goma, in ya kai talatin da biyar ya fara ɗaukar albashi sai ya nemi abin da ya yi kuka a kansa ba a saya masa ba. Haka yayin ke tafiya daga tsara zuwa tsara: Atari ya ci zamaninsa, NES ya karɓa, aka gangaro kan GameCube da PlayStation 2. Kayan kuma raguwa suke yi kullum, ba a ƙera sababbi. Da Nintendo ta rufe kantinta na intanet na na'urorin 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, wasu wasannin sai a kaset ko faifai kawai ake samunsu, kuɗinsu ya ɗaga.

Amma tashin 2020 da 2021 daban ne. Kullen korona ya zaunar da mutane a gida, masu neman inda za su zuba jari suka shigo, wasu ma ba su taɓa riƙe hannun gem ba. Super Mario Bros. a ledarsa da aka yi mamakin ya kai dala 114,000 a Yulin 2020, wani irinsa ya kai 660,000 a Afrilun 2021. An yi ta zargin cewa da gangan ake hura farashin, har aka kai ƙara kotu a Amurka a 2022. Daga baya kasuwar masu leda ta sauko sosai, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka kwana ciki. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya taɓa jarin shagonsa ko kuɗin makarantar yara don wannan ba.

Mantawa da ƙasar da aka yi wa kayan

Talabijin ɗinmu tsarin Turai yake bi, wato PAL, Amurka da Japan kuwa NTSC suke bi a zamanin waɗannan wasannin. Tsofaffin wasannin Turai da yawa sun fi na Amurka tafiyar hawainiya da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma manyan masu saye na Amurka nasu suke nema. Stadium Events ɗin da na ambata, na Turai bai kama ƙafar na Amurka ba a kuɗi. Kayan gwanjon da ke shigo mana kuwa yawanci na Turai ne.

Sai wuta. Japan volt 100 take amfani da shi, Amurka 120, mu 230. Na'urori nawa aka kawo mini suna ƙauri saboda an cusa adaftar Japan kai tsaye a soket! A karanta abin da aka rubuta a jikin adafta tukuna, in ƙaramar wuta take ci a nemi na'urar rage wuta.

Ajiya da wanki

Hura kaset da baki al'adarmu ce duka, amma danshin numfashi tsatsa yake sa wa haƙoran. Auduga da ɗan sifirit sun isa. Kada a wanke da ruwan omo, kada a goge takardar gaba da fetur, kada a ɓanɓare tsohon tambarin farashi da ƙarfi ya tafi da fatar kwalin. Ƙurar hunturu, zafin bazara a ƙarƙashin kwano, danshin Agusta, gara da kyankyaso, duk abokan gaba ne. Roba mai murfi a cikin ɗaki, nesa da taga, ta fi saman silin.

Kuskuren ƙarshe kishiyar na ɗan yayata ne: a tattara komai a ba 'yan jari-bola a kan kilo. Garin da malaman jami'a da ɗalibai suka yi ta zuwa karatu Ingila da Amurka suna dawowa da tsaraba tun shekarun 1980 ba zai rasa na asali a ƙasan akwatunan gidajen Samaru da Kongo ba. A duba kafin a zubar.

A ƙasan kwalin taliyar ma mun samu guda ɗaya na gaske, Pokémon Gold na Turai, takardarsa ta ɗan goge a gefe. Ba ya riƙe ajiyar wasa, domin ƙaramin batirin da ke ciki, CR2025, ya mutu tuntuni. Agogon cikin wasan ne ke shanye shi. Na narkar da dalma na sa masa sabo, na gaya wa yaron in zai sayar ya faɗa wa mai saye an canza batir. Ya sa masa kuɗin da ya gani a intanet, wani ɗalibi daga Samaru ya taya rabi, ya ce albarka. Yau wata huɗu ke nan kaset ɗin yana cikin durowata.