Makon ƙarshe kafin hutu: a tura yaro makaranta ko a bar shi gida?

Duk sanda aka kusa rufe makarantu sai wannan magana ta taso a gidajen Nima, Mamobi, Fadama da Madina a Accra, babban birnin Ghana. Yaro ya dawo ya ce an gama jarrabawa, ba a koyar da komai, ticha ma zaune take tana duba takardu. Uwa ta lissafa kuɗin motar haya ta trotro da na abinci na kwana biyar, ta ga kamar zubar da kuɗi ne. Amsar a taƙaice ita ce a tura shi, amma ba ido rufe ba. Kwanakin wannan mako ba darajarsu ɗaya ba. Akwai waɗanda fashinsu ke ɓata wa yaro sakamakon wata uku, akwai waɗanda amfaninsu a ɓoye yake, akwai kuma ranar da ta fi buƙatar iyaye fiye da yaron.

Abu na farko, kada a ɗauki maganar yaro a kan cewa an gama jarrabawa. Ba lallai ƙarya yake yi ba. Sau da yawa manyan darussa yake nufi, lissafi da Turanci da kimiyya, alhali saura kwamfuta, ko zane da fasaha, ko yaren gida, ko Larabci a makarantun Ingilishi da Larabci da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Ghana, GES. A nemi jadawalin jarrabawar a rubuce. Ticha kan rubuta shi a allo yara su kwafa a bayan littafi, wasu makarantu kuma suna sa shi a zauren WhatsApp na iyaye. In babu ko ɗaya, a kira tichan aji a yi mata tambaya uku: yaushe ne takardar ƙarshe, wace rana za a rufe, ƙarfe nawa za a riƙa tashi a makon. Tambaya ta ukun ita iyaye suka fi mantawa, kuma ita ce ta fi jawo matsala, za mu zo kanta.

Muddin akwai sauran takarda, babu zancen fashi. A takardar sakamakon yawancin makarantun gwamnati maki kashi biyu ne, 50 na aikin aji, 50 na jarrabawar ƙarshen zango. Wasu makarantu masu zaman kansu suna raba shi 30 da 70. Yarinyar da ta ci 38 cikin 50 a aikin aji, in ba ta zauna jarrabawa ba, 38 cikin 100 za a rubuta mata, ta faɗi darasin da ta iya. Inda ake raba shi 30 da 70 abin ya fi muni. Ga 'yan ƙaramar sakandare, wato JHS, kuwa maganar ta wuce takardar wannan zango, domin a jarrabawar kammala JHS, wato BECE, da hukumar WAEC ke shiryawa, kashi 30 cikin 100 daga makin da makaranta ta tara wa yaro yake fitowa, kashi 70 daga zauren jarrabawa. Da sakamakon BECE ɗin kuma ake raba yara zuwa manyan sakandare ta kwamfuta.

Kwanakin duba takardu

Nan ne gardamar take, kuma masu cewa ba a karatu suna da gaskiya rabi. Ticha mai yara hamsin da darussa bakwai ko takwas tana da ɗaruruwan takardu a gabanta, ga tara maki, ga cike takardar sakamako ɗaya bayan ɗaya, ga hedimasta na jira ya sa hannu. Ba za ta tsaya gaban allo ba. Yara za su yi shara, su wanke aji, su buga ƙwallo, su yi surutu.

Sai dai a cikin waɗannan kwanaki ne ake gyara kuskure, kuma yaron da ba ya nan ba a gyara nasa. Ticha kan raba takardun da ta duba a aji. A gaya wa yaro ya yi abu uku da kowace takarda: ya tara makin da kansa lamba bayan lamba, ya juya bayan kowane shafi ya ga ko akwai amsar da jan biro bai taɓa ba, ya tabbatar sunansa ne a sama. Mai duba takarda ɗari a dare ɗaya dole ya tsallake wani shafi ko ya ɓata lissafi, wannan ba mugunta ba ce. In aka nuna mata kafin ta shigar da makin a takardar sakamako, gyaran minti ɗaya ne. In an riga an rubuta, hedimasta ya sa hannu, an fitar da matsayi, to sai an yi ta zarya, kuma da wuya a canza.

Akwai matsalar da ta fi damun yaranmu, wato sunaye iri ɗaya. Aji guda a Nima kan samu Abdul Rahman Mohammed biyu, ko Aisha Ibrahim da Ayishetu Ibrahim. Maki na iya sauka a layin wani. Haka kuma a wannan mako ne ticha ke gano gurbi a littafin makinta, gwajin aji da yaro bai yi ba ranar da ya kwanta zazzaɓi, ko aikin hannu da bai kawo ba. In yaron yana aji sai ta kira shi ya yi a take. In ba ya nan, sifili za ta sa, don ba za ta riƙe takardun yara arba'in da tara saboda mutum ɗaya ba.

Rajista ma ba a daina kiranta har ranar rufewa. Takardar sakamako tana da gurbin kwanakin da yaro ya zo cikin kwanakin da aka buɗe makaranta. Ba abin tashin hankali ba ne, amma in za a canza masa makaranta, sabon hedimasta yana duba wannan gurbi kafin ya duba maki.

A makon ne kuma ake karɓar littattafan gwamnati da aka ba yara aro, ake ba da aikin hutu, a zango na uku kuma ake ba da jerin littattafan sabon aji. Wanda bai zo ba sai ya dawo daga hutu hannu rabbana, a fara neman littafin da ya ɓace tun wata biyu.

Yanzu zancen lokacin tashi. Haɗarin wannan mako ba zaman banza a aji ba ne. Haɗarin shi ne yaron da ya bar gida da yunifom ƙarfe bakwai, aka tashe su sha ɗaya ko sha biyu, uwa na kasuwa tana zaton yana makaranta, ticha na zaton ya tafi gida. Awa uku ko huɗu ba wanda ya san inda yake. Ƙanana kan tsallaka babban titin Nima ko na Kanda su kaɗai a lokacin da babu yayan da ya saba riƙe musu hannu. Manya, 'yan JHS, kan bi abokai gidan wasan gem, ko bakin shagon caca duk da doka ta hana 'yan ƙasa da shekara 18, wasu har bakin teku a Labadi. A zango na uku, da ke ƙarewa a Yuli, damina ba ta gama ba, kuma duk wanda ya san manyan kwatocin Nima da Alajo ya san yadda suke cika cikin ɗan lokaci in ruwa ya sauko. Don haka in za a tura yaro, a san ƙarfe nawa za a tashi kowace rana, a faɗa masa wanda zai ɗauko shi ko gidan da zai zauna, a kuma rage kuɗin da ake ba shi zuwa daidai abinci da mota. Inda ake ciyar da yara a makaranta, a tambaya ko za a dafa har ranar ƙarshe, kada a tura yaro da zaton zai ci a can.

Idan gidan ba shi da wanda zai karɓi ɗan ajin ƙanana na KG ƙarfe sha ɗaya, kuma ya gama duk abin da ake gwada su, barinsa wajen kaka kwana ɗaya ko biyu ba laifi ba ne, muddin an sanar da ticha. Abin da ba shi da kyau shi ne ɗauke yarinya 'yar firamare ta biyar mako guda cur don ta riƙa kai kaya kasuwar Laraba ko ta yi renon ƙani, yayanta namiji kuwa yana tafiya. Yara suna lura da wanda ake ɗauke wa karatu da sauƙi.

Rashin lafiya kam ba a jayayya da shi. Mai zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa, ya zauna gida sai jikin ya yi sanyi kwana guda cur. Mai gudawa ko amai haka. Mai ƙarambau ba ya komawa sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Mai ciwon idon afolo ya zauna, don aji guda yake kamawa. In ciwon ya faɗo ranar jarrabawa, a kira ticha da safen nan, ba bayan kwana uku ba, a ajiye katin asibiti, a roƙi a ba shi takardar in ya samu sauƙi kafin a rufe maki.

In tafiya ta kama

Disamba lokacin tafiya ne, haka ma Yuli. Biki a Tamale, suna a Bawku, gaisuwar rasuwa a Yendi, wasu har Lome ko Yamai. Mota na cika, kuɗinta na tashi, sai iyaye su so su riga cunkoso. Ba a fafe gora ranar tafiya. A karɓi jadawali kafin a yanki tikiti, a sa ranar tafiya bayan takardar ƙarshe, in da hali a ƙara kwana ɗaya don yaro ya ga takardunsa. A je makarantar da ƙafa, mako guda kafin nan, a ga tichan aji da hedimasta, a bar gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata da sunan yaro da ajinsa da ranar da zai dawo. Magana kaɗan ta isa: "Madam, sannu da aiki. Za mu yi tafiya ranar Laraba bayan ya gama takardarsa. Ko akwai abin da ya rage masa a makinki? Ƙanwata ce za ta zo karɓar sakamako." A mayar da littattafan aro a ranar, a sa ticha ta soke sunansa a gabanku. Kada a koya wa yaro ya ce ba shi da lafiya. Abokansa za su faɗa, kuma ranar da ya yi ciwon gaske za a yi shakka.

Ranar rufewa

Ita ce yara ke kira Our Day, kuma a wajensu ta fi duk sauran kwanakin zangon. Ana zuwa da kayan gida, da jolof ko shinkafa da wake, da lemo da biskit, a ci tare, a yi kiɗa. Hana yaro wannan rana don ba a da kuɗin kaza kuskure ne. Kwano ɗaya na abin da aka dafa a gida, ƙwai ɗaya, gorar zoborodo, ya wadatar, kayan sallar da ta wuce ma sun isa. Abin kula shi ne lalacewar abinci. Shawarar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Jolof da aka kwashe ƙarfe biyar na asuba aka rufe a roba, aka ci ƙarfe ɗaya a zafin Accra, shi ke kawo ciwon cikin daren hutu. A zuba da zafinsa a kula mai riƙe zafi, a bar salak da mayonis a gida, ko a kai abincin dab da lokacin ci. A rubuta sunan yaro a gindin kular da murfinta.

A makarantun mishan bikin Disamba kan haɗa da waƙoƙin Kirsimeti da addu'ar coci. Wanda hakan ya dame shi ya tambayi tsarin ranar tun da wuri, ya yi magana da hedimasta cikin mutunci, maimakon ya ɓoye yaro a gida ba bayani. In rufewar ta faɗo Juma'a, a shirya wanda zai ɗauko yara maza kafin lokacin masallaci.

Ranar rufewar, babba ya je makarantar da kansa, ko da minti ashirin ne. A buɗe takardar sakamakon a tsaye a gaban ticha, ba sai an koma gida ba. A duba rubutun sunan harafi bayan harafi a gwada da takardar haihuwa, domin sunan da ke littafin makaranta shi ke bin yaro zuwa rajistar BECE, kuma Mohammed da Muhammad suna biyu ne a wajen kwamfuta. A tara makin aji da na jarrabawa na darasi biyu ko uku a gani ko sun yi daidai. A karanta abin da ticha ta rubuta a kan halinsa, sannan a yi mata tambaya takamaimai: wane abu ɗaya ne ya fi ba shi wahala, karatu ne, jadawalin sau ne, ko rubutu? Amsar ita za ta nuna ko yana buƙatar darasin hutu, ko kuwa minti ashirin kullum bayan ya dawo daga makarantar allo ya isa. A makaranta mai zaman kanta, in akwai bashin kuɗi, a je a yi magana kafin ranar, don wasu kan riƙe sakamako, kuma duk abin da aka biya, hannu da hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a karɓi rasit. Kafin a fita a ɗauki hoton takardar da waya gaba da baya, a duba ƙasanta inda aka rubuta ranar komawa, a kuma karɓi lambar tichan sabon aji in zango na uku ne.