Yadda Ake Donot Mai Kastad da Cakuleti

Uwargida, ki haɗa fulawa kofi 3, yis cokali 1, sukari, ɗan gishiri, ƙwai 1 da bota, ki kwaɓa da madara mai ɗumi har ya daina kama hannu. Ki rufe ya tashi. In hunturun Kaduna ya kankama sai kin ƙara haƙuri.

Ki mulmula curi-curi, banda huda tsakiya, ki bari su sake kumbura. Ki soya a matsakaiciyar wuta, don in ta yi yawa waje zai ƙone, ciki ɗanye.

Kastad kuwa ki dama da kauri, ya huce sosai. Ki huda gefen kowane donot, ki ɗura kastad ɗin da leda mai yankakken baki. Sai ki narkar da cakuleti da ɗan bota, ki tsoma saman, ki bari ya daskare.