Yadda Ake Tafiyar da Gadon Baƙon da Ya Rasu Ba Iyali a Zariya

Duk wanda ya zauna a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru ya san irin mutumin da nake nufi. Ya zo Zariya yana saurayi daga ƙasar Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram, wani ma daga Chadi ko Mali, ya kama ɗaki ɗaya a soron wani gida, ya fara da ga-ruwa ko gadi, daga baya ya kafa teburin shayi a bakin titi. Shekara ashirin ko talatin unguwa ta saba da shi, har yara na kiransa Baba, amma bai taɓa ajiye iyali a nan ba. Garin ya daɗe yana karɓar irinsu tun zamanin fatake da masu masauki, kuma suka ƙaru bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. Ranar da Allah ya karɓi ran irin wannan bawa, jama'a kan yi masa sutura cikin hanzari da mutunci, wannan kuwa abin yabo ne. Inda ake tuntuɓe shi ne bayan an dawo daga maƙabarta, lokacin da wani zai ce ai marigayin ba shi da kowa, daga nan sai hannuwa su fara shiga kayansa.

Da wuya a sami mutumin da ba shi da kowa. Na taɓa halartar buɗe ɗakin wani dattijo mai shayi a unguwarmu, wanda kowa ya ɗauka danginsa sun ƙare. A ƙarƙashin tabarmarsa aka tarar da gwangwanin madara cike da kuɗi an ɗaure bakinsa da tsumma, da wani ɗan littafi da ya rubuta sunayen masu ajiya a wurinsa da ajami, da kuma tsohuwar waya mai maɓallai. Lamba ta uku da aka kira a cikin wayar, ƙanwarsa ce ta ɗauka, kuma ta shaida mana cewa mahaifiyarsu tana raye. Tun daga ranar nake ganin wajibi ne maigidan da baƙo ya rasu a hannunsa ya ɗauki kansa mai riƙon amanar mutanen da bai taɓa gani ba, domin zaman tare, komai daɗewarsa, ba ya sa mutum ya ci gado.

Abu na farko, tun kafin a fita da gawa, a kulle ɗakin da shagon, a miƙa makullin ga mai unguwa ko limamin masallacin da marigayin yake salla, a gaban jama'a. Bayan kwana biyu ko uku sai a buɗe a gaban aƙalla shaidu biyu adilai, tare da wani daga cikin shugabannin 'yan ƙasarsu mazauna Zariya, a rubuta duk abin da aka samu dalla-dalla: kuɗi nawa, naira ko sefa, buhun sukari nawa, keke ko babur, katin banki, takardar fili idan akwai. Kowa ya sa hannu, a kuma ɗauki hoton takardar da waya. Wayar marigayin kuwa a adana ta da layinta, kada a bar wa yaron shago, domin a cikinta ne ake samun dangi, kuma sau da yawa akwai kuɗi a asusun da ke haɗe da layin.

Daga nan sai a ware abin da ba nasa ba. Irin waɗannan bayin Allah su ne bankin 'yan'uwansu 'yan ci-rani, masu ga-ruwa da masu gadi kan ba su ajiya har lokacin komawa gida, wani kuma shi ne uban adashi. Kayan ajiya ba sa shiga gado, amma duk wanda ya yi da'awa sai ya kawo shaida ko a ga sunansa a rubuce, idan kuma aka sami saɓani a bar wa alƙali. Yana da kyau liman ya yi sanarwa a masallaci, a kuma yi cigiya a kasuwa da tasha, cewa mai bin marigayin bashi da wanda marigayin ke bi duk su bayyana.

Shari'a ta tsara yadda ake fitar da haƙƙoƙi, kuma ba a tsallake wani a kama wani. Ana fara da abin da ya rataya a kan wani kaya na musamman, kamar jingina, sannan kuɗin likkafani da haƙa kabari gwargwadon al'ada ba tare da almubazzaranci ba, sannan bashi, har da kuɗin hayar ɗaki da ya taru da kuɗin mai kawo masa burodi. Bayan haka sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, na abin da ya rage, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga wanda zai ci gado sai da yardar sauran magada. A nan ne maigidan da ya yi wa baƙo hidima zai iya samun wani abu ta halal, idan marigayin ya yi masa wasiyya a gaban shaidu. Abin da nake roƙon jama'a su kiyaye shi ne sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Na ga inda aka kwashe kusan rabin abin da mutum ya bari aka dafa shinkafa da sunan yi masa sadaka, alhali tsohuwa na can ƙauye tana jiran hatsi. Wanda yake son ya yi wa mamaci sadaka ya yi da aljihunsa.

Mataki mafi nauyi shi ne tantance magada, kuma a nan dole a bambanta tuzuru da gwauro. Tuzuru bai taɓa aure ba, gwauro kuwa ya taɓa yi, don haka yana iya kasancewa da 'ya'ya a gida waɗanda ko abokansa na Zariya ba su san da su ba. Wani ma da matarsa a can, yana aika mata da saƙo duk kaka, mu ne dai ba mu sani ba. Idan ya saki mace saki na kome, ya rasu tana cikin idda, tana da gadonta. Saboda haka kada a tsaya ga maganar mutum ɗaya da ya sauka daga mota ya ce shi ƙanen marigayi ne. A nemi takarda daga mai garinsu ko alƙalin yankinsu mai ɗauke da sunayen dukkan magada, a kuma ji ta bakin 'yan garinsu da ke nan. Idan ɗan Nijar ne kuma neman ya ci tura, ana iya tuntuɓar ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano.

Wanda ya rasu bai bar ɗa ko mahaifi ba shi ake kira kalala, hukuncinsa kuwa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 12 da ta 176. Misali zai fi bayyana lamarin. A ce bayan an fitar da komai naira 900,000 ta rage, marigayin kuma ya bar mahaifiya da shaƙiƙi ɗaya da shaƙiƙiya ɗaya, wato 'yan'uwan da suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi. Mahaifiya za ta ɗauki sudusi, kashi ɗaya cikin shida, wato 150,000, saboda 'yan'uwa sun kai biyu. Da ɗaya ne ko babu, sulusi za ta samu. Ragowar 750,000 sai a kasa uku, namiji ya ɗauki 500,000, mace ta ɗauki 250,000. Da a ce mahaifinsa na raye, 'yan'uwan ba za su sami komai ba, uwa tana nan a kan sudusinta, uba ya kwashe saura. 'Yan'uwan da aka haɗa uwa kaɗai kuwa, ɗaya sudusi yake samu, biyu ko fiye su yi tarayya a sulusi, mace da namiji daidai wa daida. Na kawo wannan ne don mai riƙon amana ya fahimci inda aka dosa, amma rabon kansa a kai shi kotun shari'ar Musulunci, ko gaban malamin da ya ƙware a ilimin gado, domin mutum ɗaya da aka manta yana iya sauya lissafin gaba ɗaya.

Kuɗin banki yana da tasa hanyar. Za a buƙaci takardar shaidar mutuwa, wadda asibiti ke bayarwa idan a can ya cika, a kuma yi rajistar rasuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sannan a samo takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci. Sunan da marigayi ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa ba ya mayar da mai sunan magaji, shi dai wanda za a tuntuɓa ne. Cire kuɗi da katin mamaci kuwa, ko da an san lambar sirrinsa, kuskure ne da kan jawo zargi da shari'a. Idan baƙon ba Musulmi ba ne, sashen kula da gado na Babbar Kotun Jiha ake nufa, a kuma sanar da cocinsa da ƙungiyar 'yan garinsu.

Idan an yi iyakar bincike ba a sami magaji ba, a mazhabar Malikiyya dukiyar ta baitulmali ce, ko da yake malaman baya sun yarda a ba dangi na nesa, irin su kawu na wajen uwa da 'ya'yan 'yar'uwa, a inda babu tsararren baitulmali. Wannan hukunci na alƙali ne, maigida ko mai unguwa ba su da ikon yanke shi, kuma ba a gaggawa a kansa.

In an gama rabo, saura isar da haƙƙi. Kayan da ba za su ɗauku ba, kamar tebur da tukwane da ragowar kayan shayi, a sayar da su a bainar jama'a da sanin magada, a rubuta farashin kowanne. Idan za a canza naira zuwa sefa, a rubuta yadda canji yake a ranar. Ya fi kyau wakilin magada ya zo da kansa ya karɓa a gaban alƙali, in kuwa bai samu ba, a tura mutum biyu amintattu tare da takardar rabon, su miƙa wa kowa kasonsa a gaban mai garinsu, su dawo da takarda mai sa hannu ko dangwalen kowane magaji. Kwafi ɗaya a kai kotu, ɗaya a bar wa mai unguwa, ɗaya kuma maigidan ya adana tare da takardar farko da aka rubuta ranar da aka buɗe ɗakin.