Yadda na raba sautin ganga da na sintesaiza

Kwana biyu na yi ina fama da matsala guda: duk lokacin da na buga ganga a manhajar samfurin sauti, sai sintesaiza (manhajar da ke ƙirƙirar sautin kiɗa) ma ta amsa, sautukan su cakuɗe a mafita ɗaya (hanyar da sauti ke fita zuwa lasifika). Da farko na zargi kebul ɗin kibod na kiɗa, na sauya shi, sannan na ɗaga bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) daga 256 zuwa 512, wanda ɓata lokaci ne kawai. Ashe manhajojin biyu suna kan Omni, wato kowacce tana karɓar saƙo daga dukkan tashoshi 16 na MIDI, tsarin da kibod ke aika wa manhajoji saƙo da shi. Na kashe Omni, na sa ganga a tasha ta 10, sintesaiza a ta 1, sannan na tura ganga mafita ta 3 da 4, na bar sintesaiza a 1 da 2. Alhamdu lillahi, cakuɗewar ta ƙare.