Yadda Ake Shirya Hutun Farko a Ƙasar Waje: Birane da Tsibiri

Tambayoyi sun yi yawa a kan yadda ake haɗa ziyarar birane da hutawa a tsibiri cikin tafiya guda. Ga matakan bi da bi.

1. Duba fasfo ɗinka, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda saura ƙasa da wata 6 wa'adinsa ya cika.
2. Zaɓi tsibirin bisa yanayinsa. Daga Yuni zuwa Agusta rani ne a Bali (Indonesiya) da Zanzibar (Tanzaniya), amma damina ce a Phuket (Thailand), inda ƙarfin igiyar ruwa kan sa a kafa jan tuta a hana shiga teku.
3. Taƙaita biranen zuwa uku. A ganina, wanda ya cusa shida cikin mako guda zai ƙare hutunsa a tashoshi da filayen jirgi.
4. Nemi bizar kowace ƙasa.

Hattara: wasu ƙasashe na buƙatar biza ko da sauya jirgi kawai za ka yi a can.

5. Sayi tikitin da zai sauke ka a birnin farko, ya ɗauke ka daga zangon ƙarshe.
6. Bar tsibirin zuwa ƙarshen tafiya, lokacin da gajiya ta taru.

Hattara: kada ka tsallako ta jirgin ruwa a ranar da jirginka na sama zai tashi, domin iska tana iya sa a soke tafiyar.

7. Saka magungunanka da kwafin takardunka a jakar hannu.